Kejin Ƙarshe

Shafi na 19

Masu bina har cikin akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", duk na gani. Har wadda ta rantse ta yi fushi ta daina karantawa, yau ita ta riga kowa tambaya. To ku gyara zama, kuma kada wanda ya zage ni kafin ya kai ƙarshe.

*

Tun daga bakin ƙofa Auta ta hango jan tef ɗin.

Ko safar hannunta ta biyu ba ta gama sakawa ba. A ɗakin ɓeraye kowa ya san abin da jan tef yake nufi a jikin keji: an yanke hukunci, yau za a kashe abin da ke ciki. Kuma duk jerin kejin da ke kan kantoci tun daga ƙasa har sama, aka rasa wanda za a manna wa sai na Kaska.

Likitan dabbobi yana tsaye a gefe da ɗan kekensa na turawa, a kai ga akwatin iskar da ake saka ɓera ya yi barcin da babu tashi. Yana ganinta ya hau gyaran takunkumin fuskarsa, wanda babu abin da ya same shi.

"Malama, ina kwana? Yau kin yi sammako."

"Wa ya manna wannan?"

"Wallahi ni dai umarni aka ba ni."

"Wa ya ba ka?"

"Daga sama ne."

"Wace saman? Mutum ɗaya ne a saman gidan nan, kuma ciki ɗaya muka fito da shi. Faɗi sunansa mana, ba zai cinye ka ba."

Likita ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai kirki, sai dai da a ce tsoro yana da ofis, shi za a ba makullin.

Auta ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta zaro kejin daga kanta, ta ɓamɓare jan tef ɗin ta dunƙule ta yar, ta rungume kejin a ƙirjinta. Kaska ta leƙo daga cikin garin katako da ƙaton cikinta, tana shinshina iska, ba ta san yau an so a yi mata sallama da duniya ba.

Ƙuruciyar Auta kaf a kan ɓerayen nan ta ƙare. Tun suna ƙwai aka cire musu ƙwayar gado guda ɗaya, wadda ke samar da furotin ɗin da ke manne zaren tsoka da makwancinsa kamar gam. In babu shi, duk motsin da tsoka ta yi sai ta ɗan yage, har ta gaji ta daina aiki. Ciwon da ya kwantar da Babansu kenan har ya rasu, shi ya sa ita da yayanta suka ɗauki wannan layin. Yadda ake gwada su kuwa babu wuya: a rataye ɓera a jikin waya da ƙafafunsa na gaba. Lafiyayye zai maƙale har ya haye, su kuwa kafin ka ƙifta ido sun faɗo kan auduga. Guda ɗaya ce tak ta ƙi faɗowa, ta maƙale har sai da aka ɓamɓare ta, ma'aikata suka sa mata Kaska.

Sauran danginta tun bara suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san dalili. Ƙwan haihuwarsu da aka daskarar aka ajiye saboda irin wannan rana ya narke lokacin da firji ya mutu. Namijin ƙarshe ya bi 'yan uwansa a makon jiya. Abin da ke cikin Kaska shi ne kawai ya rage na wannan irin a duniya.

"Malama, don Allah ki mayar da shi. Ni za ki ja wa."

"Kira shi."

"Farfesa ya ce kada a..."

"Na ce ka kira shi! Wanda ya yanke hukunci ya sauko ya kalli idona."

Farfesa ya ɗau lokaci kafin ya sauko. Ya shigo cikin rigar aiki da hula da takunkumi, yana wannan tafiyar tasa ta ƙasaita da ya tsiro da ita kwanan nan, wadda ma'aikata ke gulma a kai suna cewa kujera ce ta hau masa kai. Ya jingina da kanta, ya kalli dunƙulallen tef a ƙasa, sannan ya kalle ta.

"Me ke faruwa a nan?"

"Yaya, kai zan tambaya."

"A nan ba Yaya nake ba."

"Na sani, Farfesa. Ai Yaya ba zai yi wannan ba."

Likita ya fara ja da baya a hankali, kamar wanda ya tuna ya bar abu a wuta.

"Ki ba Likita kejin nan," in ji Farfesa. "Kuskure aka yi wajen gwajinta. Ɓerar nan tana da ƙwayar gadonta, lafiyayya ce, shi ya sa take maƙalewa. Ɓata mana sakamako kawai take yi."

"Kuskure? Da hannuna na ɗebi naman kunnenta. Na gwada, na sake gwadawa, na aika wani wurin aka gwada. Babu ƙwayar a jikinta, kai ma ka sani."

"Ba gardama na sauko yi ba."

"Ni kuma gardama ta fito da ni daga gida yau. Ko da lafiyayyar ce, tun yaushe muka fara kashe mai ciki? Wace dokar ce ta ce haka? Likita, kai ne mai doka, faɗa mana."

Likita ya buɗe baki ya rufe. Takunkumin ya taimake shi.

"Auta, ki kiyaye ni."

"Yanzu kuma na koma Auta? Ai na ɗauka a nan babu Yaya." Ta ƙara ƙanƙame kejin. "Bari in faɗa maka abin da kowa ke faɗa a bayan idonka. Sunanka kake karewa. Ka zaga duniya kana cewa in babu furotin ɗin nan babu tsoka, an tafa maka, an ba ka lambar yabo. Sai ga 'yar ɓera da ba ta kai tafin hannu ba ta ƙaryata ka. Shi ne za ka rufe mata baki da iska."

"Kin gama?"

"Ban ma fara ba. In ka ga dama ka kore ni. Ka kai ƙarata wurin Umma kamar yadda ka saba tun muna yara. Amma wallahi kejin nan ba zai bar hannuna ba."

Ta yi zaton zai daka mata tsawa. Sai ta ji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Likita, jira mu a waje."

Ba a maimaita masa ba. Har kekensa ya manta.

Ƙofa ta rufe. Babu abin da ake ji sai ƙugin na'urar iska da ƙaras-ƙaras ɗin ɓeraye suna gurgurar abinci. Farfesa ya sa hannu zai zare safarsa, yatsunsa suka kasa kama bakin robar. Ya sake gwadawa, suka sake zamewa. Ƙarshe da haƙori ya ja ta, shi da ya taɓa korar ɗalibi don ya sosa hanci da safa.



"Ba ƙaryata ni ta yi ba," ya ce. "Ƙarfin da kike gani a jikinta, ni na ba ta."

"Ban gane ba."

"Kin tuna maganin da kwamitin sa ido kan bincike ya hana mu gwadawa?"

Ta tuna mana. Maganin da ke tilasta wa jiki ya samar da wani furotin, ɗan uwan wanda aka rasa, ya riƙe tsoka a madadinsa. Kwamiti ya ce ba a san abin da zai yi wa zuciya ba, aka hana. Ita da kanta ta kulle kwalaben a firji.

"Ranakun hutu nake zuwa," ya ce. "Ina yi musu allura."

"Musu? Su wa?"

Ya kau da kai.

"Yaya, su wa?"

"Dukansu."

 Ta tuna safiyoyin da take shigowa ta tarar da su a sandare. Ta sauya abinci, ta sauya ruwa, ta sa an wanke ɗakin nan har fenti ya fara tashi. Shi kuma yana tsaye a bayanta yana cewa ta yi haƙuri, haka bincike ya gada.

"Kai ne? Kai kake kashe su, kana zuwa kana ba ni haƙuri?"

"Ba da niyyar kisa ba. Awon maganin nake nema."

"Baaba mai shara fa? Na tsayar da ita a gaban mutane na yi mata tas, na ce ba ta wanke hannu, ita ke shigo mana da cuta. Sa'ar Umma ce! Ta ajiye aikin ta tafi tana kuka, kana kallo, ba ka ce uffan ba."

"Zan nemi yafiyarta."

"Ka nemi tawa tukuna! Na yi ta murna na gano abin da ba a taɓa gani ba, ashe allurarka nake yi wa murna. Ka mayar da ni sakarya a ɗakin da na gina da hannuna. Me ya yi zafi haka? Lamba kake so a ƙara maka?"

Maimakon ya amsa, sai ya naɗe hannun rigarsa na hagu a hankali, har sama da gwiwar hannu.

Shatin allura ne reras a jikin damtsen, wasu sun yi baƙi, wasu sababbi. Amma ba su suka tsayar mata da numfashi ba. Damtsen ne da kansa. Hannun da yake ɗaga ta sama da shi tana ƙarama ya zama siriri, fata ta saki. Ta san wannan hannun, ta sha shafa masa mai a jikin Baba.

"Innalillahi... Tun yaushe?"

"An daɗe. Da matakala ya fara. Yanzu in na zauna a ƙasa sai na dafa gwiwa nake tashi, kamar shi."

"Umma ta sani?"

"Babu wanda ya sani, har matata. Tana ganin girman kai ne ya sa na daina ɗaukar yara."

Hawaye ya zubo mata ya jiƙa takunkumi, babu hannun sharewa. Tausayinsa ya kama ta har cikin ƙashi, kuma haushinsa bai ragu ko kaɗan ba. 

"Ranar da Kaska ta ƙi sakin waya na fara yi wa kaina allurar," ya ce. "Da farko na ji daɗi, har gudu na yi a tsakar gida. Yanzu kuma zuciyata ke bugawa kamar za ta fito. Ƙafafuna sun kumbura, in na kwanta numfashi gagarata yake. Ban sani ba, ciwon ne ya kai zuciya ko maganin ne ke cin ta. In ciwon ne, ƙara magani zan yi. In maganin ne, dole in tsaya. Ita kaɗai ta sha shi ta rayu. In na buɗe ta na ga zuciyarta, zan san inda nake."

"Ka je asibiti a duba taka zuciyar mana! Ɓera ce likitanka?"

"In na je za su ɗebi jini, za su gani, za su tambaya. Ranar da kwamiti ya ji, rufe gidan nan za a yi. Duk abin da na taɓa a ɗakin nan akwatin iska za a kai shi, har ita."

Gaskiya ya faɗa, kuma Auta ta tsani da ta zama gaskiya.

"To ka jira ta haihu. Mako mai zuwa ne. Ina da wata ɓera mai shayarwa a kejin can, in ɗebe 'ya'yan in ba ta, sannan ni da hannuna zan buɗe maka Kaska."

"A ciro su yau."

"Ba su kai ba, ka fi ni sani. Ko numfashi ɗaya ba za su ja ba."

"Ba ni da mako, Auta. Gobe ne allurata ta gaba."

"To kada ka yi."

"In na daina kin san inda zan ƙare. Ke kika riƙa juya Baba a kan gado."

"Na juya Baba, kai ma zan juya ka, ban gaji ba. Amma ba zan ba ka ita ba."

Idanunsa suka kaɗa.

"Ni na goya ki. Ranar da aka binne Baba a kafaɗata kika yi barci. Yau ɓera kika zaɓa a kaina?"

"Kada ka soma, Yaya. Kada ka kawo min goyo nan wurin. Ka ɗauka son ɓera nake yi? In ta mutu da cikin nan, a jikin wa za a sake gwada magani? Yaranka jinin Baba ne. Ni ma jininsa ce, ban san abin da ke jirana ba. Ka cinye rabonka, ka cinye nawa, yanzu ka zo kana neman na yara. Zuciyar ɓera ɗaya ma me za ta gaya maka? Da ɗalibi ne ya kawo maka wannan lissafin, da takardar za ka jefe shi."

"Miƙo min kejin."

"Ba zan miƙo ba."

"Umarni nake ba ki."

"Wa ke ba ni? In Farfesa ne, ya karya doka, ba shi da bakin umarni. In Yaya ne, ba shi da lafiya, ba a bin maganarsa."

Ya saki kantar da yake jingine da ita, ya miƙo hannu biyu ya nufo ta. Auta ta ja da baya taku ɗaya. Taku ɗayan nan shi ne abin da ƙafafunsa suka kasa cikewa. Gwiwarsa ta lanƙwashe, ya kai hannu zai kama keken Likita, keken ya gudu, ya zube a ƙasa gaba ɗayansa. Akwatin iska ya faɗo ya yi ƙara, ɓerayen ɗakin suka firgita suka hau zagaye.

"Yaya!"

Likita ya banko ƙofa. "Subhanallahi! Farfesa!"

"Kada ka taɓa ni," in ji Farfesa, yana haki. "Kejin... karɓi kejin."

Likita ya tsaya a tsakiya, ya kalli na ƙasa, ya kalli ta tsaye.

"Ko kusa da ni ka zo sai na yi maka ihu gidan nan ya taru," in ji Auta. "Ciro wayarka ka kira motar asibiti."

"Kada ka kira!"

"Kira su, Likita. Ka ce zuciya ce. Ka ce ya daɗe yana yi wa kansa allurar maganin da ba a amince da shi ba, sunan maganin na jikin kwalba a firji na biyu. Kada ka rage komai."

Likita ya zaro ido. "Malama, kin san abin da..."

"Na sani."

"Auta..." Muryar Farfesa ta yi ƙasa. "Za su rufe... za su kashe ta..."

"Sai sun same ta."

A nan Likita ya gane inda ta dosa, ya ɗora hannu a ka. Tun da aka gina gidan nan, ɓeran da aka taɓa wa ƙwayar gado bai taɓa tsallake ƙofar waje da rai ba. Wanda ya fitar da shi ya yi sallama da aikin bincike har abada, in ma bai kwana a hannun hukuma ba.

"Malama, ki rufa wa kanki asiri!"

"An rufa asiri a ɗakin nan har ya isa. Kira su na ce!"

Karo na farko tun da ta san shi, Likita ya yi abin da mai ƙaramar kujera ta ce. Ya danna waya ya kara a kunne, bakinsa na harɗewa.

Auta ta ja zanen rufe keji ta lulluɓe Kaska. Ta kalli yayanta a ƙasa, ta so ta durƙusa ta tallafi kansa, amma ta san tana ajiye kejin nan ba za ta sake ɗaukarsa ba.

"Ka yafe ni, Yaya. Gara ka rayu kana fushi da ni. Motata na bakin ƙofa, in kai ta inda zan kai ta in same ka a asibiti."



Ta juya, ta tura ƙofa da kafaɗa. Hasken baranda ya dalle mata ido, ƙafarta ɗaya ta riga ta fita.

"Farfesa?" ta ji Likita ya ce a bayanta. "Farfesa!"

Ta ji wayar ta faɗi a ƙasa.

"Malama, ajiye kejin nan ki zo! Ni kaɗai ba zan iya ba, sai ɗaya na danna ƙirji ɗaya na hura masa iska. Malama, ba ya numfashi!"